Sojojin Tsauni Na Amurka: Yadda Suka Dawo Daga Yaƙi Suka Kafa Kasuwa A Kan Dusar Ƙanƙara

A duk shekara, wajen ƙarshen watan Fabrairu ko farkon Maris, daidai lokacin da mu a nan hunturu ke ban-kwana, akan yi wani taro a kan wani tsauni da ake kira Cooper a jihar Kolorado ta ƙasar Amurka. Shekara da shekaru, waɗanda suka fi jan hankalin jama'a a wurin su ne wasu dattawa 'yan shekara 80, wasu ma har 90 da ɗoriya, sanye da fararen kayan soja irin na da. Sukan ɗaura wasu dogayen katakai a ƙafa, kowa ya riƙe sanda biyu, su jeru, sannan su gangaro daga kan tsaunin suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, 'ya'ya da jikoki na biye da su da tutoci. Waɗannan dattawa su ne tsoffin sojojin Runduna ta 10 ta Tsauni, waɗanda suka yi yaƙi a duwatsun ƙasar Italiya a 1945. A yau kusan dukkansu sun kwanta dama, zuriyarsu ce ke ci gaba da raya taron.

Mun san mai karatu zai ce, to ina ruwan ɗan kasuwar Jibiya ko na Birnin Ƙonni ko na Maigatari da wasan ƙanƙara, alhali mu ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin firji da wadda kan zubo tare da ruwan sama? Dalilinmu shi ne, labarin waɗannan mutane labarin kasuwa ne. Sun dawo daga yaƙi, wasu da raunukan da suka bi su har kabari, ba su da wani jari sai sana'a guda da suka iya da kuma amanar da ke tsakaninsu. Da waɗannan abubuwa biyu suka kafa kasuwa a inda babu ita, suka farfaɗo da garin da ya mutu, suka gina sabo a dajin da da tumaki kawai ke kiwo, kuma ba su rabu da sana'ar ba har ƙarshen rayuwarsu.

Mene ne wannan wasa?

A ƙasashen da ke da tsananin sanyi, ruwan sama kan sauko ne a matsayin wani farin gari mai laushi kamar auduga, ya taru ya rufe ƙasa har ya kai ƙugun mutum ko ya shanye shi. Wanda ya taka da ƙafa zai nutse. Shi ya sa tun dubban shekaru da suka wuce mutanen arewacin Turai da Asiya suka ƙirƙiro wasu siraran katakai masu tsawo, waɗanda Turawa ke kira siki, da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi. Katakon kan raba nauyin mutum a kan dusar, sai ya riƙa sulalewa a sama maimakon ya nutse. Da farko abin sufuri ne da farauta, kamar yadda raƙumi yake ga mutanen Sahara. Daga baya ya zama wasa da gasa.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, a Amurka wasan na tsiraru ne: 'ya'yan masu kuɗi da ɗaliban manyan jami'o'i da baƙin da suka yi ƙaura daga Norwe da Ostiriya da Suwizalan. Wuraren yin sa kaɗan ne, kayansa kuma da tsada.

Daga Finlan aka ɗauko darasi

A ranar 30 ga Nuwamba, 1939, Tarayyar Sobiyet ta auka wa ƙaramar maƙwabciyarta Finlan da tankoki da dakaru masu ɗimbin yawa. Sojojin Finlan ba su da yawa, amma sun san dajinsu, sun kuma iya zamiya. Sai suka sa fararen kaya, suka riƙa ɓullowa daga cikin itatuwa ba tare da ƙara ba, su datse jerin gwanon motocin abokan gaba gida-gida, su ɓace. A yankin Suomussalmi sun tarwatsa manyan rundunonin Sobiyet guda biyu. Duk da cewa a ƙarshe, a watan Maris na 1940, Finlan ta sallama wani ɓangare na ƙasarta, duniya ta ga abin da sanin wuri da ƙwarewa ke iya yi wa mai yawa.

Cikin masu bin labarin a Amurka akwai wani dillalin inshora mai suna Charles Minot Dole, wanda a 1938 ya kafa ƙungiyar sa-kai ta masu ceton waɗanda suka ji rauni a wuraren zamiya. Ya lura cewa sojan ƙasarsa ba shi da ko bataliya ɗaya da aka horar don yaƙin sanyi da tsauni, alhali Jamus da Italiya na da irin waɗannan dakaru. A 1940 ya rubuta wa Shugaba Franklin Roosevelt takarda, ya kuma yi ta zarya har ya samu ganin babban hafsan soja, Janar George Marshall. Hujjarsa ita ce, ya fi sauƙi a mayar da wanda ya iya zamiya soja, da a ɗauki soja a koya masa zamiya.

Mai nema yana tare da samu. A ranar 15 ga Nuwamba, 1941, makonni uku kafin Japan ta kai harin Pearl Harbor, aka kafa kashin farko na sojojin tsauni a jihar Washinton. Wani abin da ba a saba gani ba shi ne, ƙungiyar Dole, wadda ta farar hula ce, ita aka damƙa wa aikin nemo mutane. Duk mai son shiga ta hannunta sai ya kawo takardun shaida uku daga mutanen da suka san shi, suka san halinsa da juriyarsa. Duk wanda ya taɓa neman a ba shi kaya bashi a baƙuwar kasuwa ya san wannan tsari: sai da wanda zai tsaya maka. Ta haka aka tara zakarun gasa da malaman zamiya da masu hawan dutse da masu gadin daji, daga baya aka cika da sauran kurata, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

Sansanin da ya fi Bagzan bisa

A 1942 aka gina musu sansani mai suna Camp Hale a wani kwari cikin tsaunukan Kolorado, kusa da garin Leadville. Kwarin kansa yana bisan kimanin mita 2,800 daga teku. Don mai karatu ya gane, ƙololuwar dutsen Bagzan da ke Ayar, wanda babu kamarsa a Nijar, mita 2,022 ne, shi kuwa Chappal Waddi na jihar Taraba, mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Ke nan inda suke kwana ya ɗara duka biyun, daga nan kuma suke fara hawa. A irin wannan bisa iska ba ta da kauri, baƙo kan yi haki ko da tafiya kaɗan ya yi. Hayaƙin kwal na jiragen ƙasa da na murhu kan taru a kwarin ya ƙi fita, har ya jawo wa dakarun wani tari mai naci.

A watan Yuli na 1943 aka haɗa su suka zama runduna guda. Kowane soja kan goya jakar da nauyinta ya kai kilo 40, kaɗan ya rage ta kai buhun siminti, ga bindiga, ga katakon zamiya mai tsawon fiye da mita 2. Manyan kaya kuwa alfadarai ne ke ɗauka, domin mota ba ta hawa inda za su. A wani atisaye da suka yi a watannin Maris da Afrilu na 1944, sun shafe makonni suna kwana a waje cikin sanyin da ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Mu da muke ƙudundunewa a gaban wuta idan hunturu ya sauko digiri 12, sai mu kwatanta. Da yawa sanyi ya cinye musu yatsu.

Fitarsu ta farko ba ta yi daɗi ba. A watan Agusta na 1943 an tura wani kashi nasu tsibirin Kiska da ke yankin Alaska don korar sojojin Japan, ashe Japanawan sun riga sun sulale tun makonni kafin nan. Cikin hazo, dakarun suka riƙa harbin juna bisa kuskure, aka yi asarar rayuka ba tare da an ga abokin gaba ko ɗaya ba.

Daren da suka hau bangon dutse

Sai a ƙarshen 1944 da farkon 1945 aka kai rundunar Italiya, ƙarƙashin Manjo-Janar George Hays. A lokacin sojojin Jamus sun kafa shinge a kan tsaunukan Apennine, sun tare hanyar shiga arewacin ƙasar. Tsaunin Belvedere shi ne makullin babbar hanyar da ta nufi birnin Bologna, kuma an sha kai masa hari ana komowa da asara. Dalili kuwa shi ne, akwai wani dogon tudu a gefensa, wanda Amurkawa suka sa wa suna Riva Ridge, inda Jamusawa ke zaune suna hangen duk wani motsi suna sanar da masu igwa. Gefen tudun da ke fuskantar Amurkawa miƙe yake kamar bango, tsawonsa ya kai mita 500 zuwa 600, ga ƙanƙara. Jamusawa sun sakankance babu rundunar da za ta iya biyowa ta nan.

A daren 18 ga Fabrairu, 1945, mutum kimanin 700 suka kama hawa cikin duhu, babu fitila, babu magana, a wurare mafi wuya suna bin igiyoyin da gwanayensu suka kafa. Kafin gari ya waye suna sama, hazo kuma ya rufa musu asiri. Suka mamaye masu gadin. Kashegari da dare sauran rundunar ta tasar wa Belvedere, an kuma umarce su kada wanda ya yi harbi kafin wayewar gari, sai dai gurneti da wuƙar bakin bindiga. Sun kama tsaunin, amma cikin 'yan kwanakin nan sun rasa mutum kimanin 200. A gefensu dakarun ƙasar Barazil suka kama Monte Castello a ranar 21 ga watan.

Daga nan ba su tsaya ba. A ranar 14 ga Afrilu suka shiga babban farmakin ƙarshe, suka sauka daga duwatsu, suka haye kogin Po, suka kai tabkin Garda, inda labarin saran da Jamusawan Italiya suka yi ya same su a ranar 2 ga Mayu. Cikin kwana 114 na faɗa, an kashe musu kusan mutum 1,000, an raunata kimanin 4,000. Cikin mamatan akwai Torger Tokle, ɗan asalin Norwe, wanda a 1942 ya kafa tarihin tsalle mafi nisa a Amurka da katakon zamiya, mita 88. Ya mutu a ranar 3 ga Maris yana da shekara 25.

Wani abin mamaki shi ne, bayan duk shekarun da suka yi suna koyon zamiya, a Italiya ba su yi amfani da katakon ba sai a 'yan sintiri kaɗan. Ƙafa da igiya da alfadari ne suka yi aikin. Amfanin sana'ar na gaba, bayan an ajiye bindiga.

Gwanjo da tallafin gwamnati

An rushe rundunar a ƙarshen Nuwamba na 1945, kowa ya kama gabansa. Abubuwa uku suka haɗu suka buɗe musu hanya. Na farko, gwamnati ta fito da rarar kayan soja ta yi gwanjonsu: katakon zamiya da takalma da rigunan sanyi da jakunkuna da tantuna, duk a farashin da bai taka kara ya karya ba. Abin da da sai ɗan mai kuɗi, sai ga shi leburan masana'anta na iya saya wa kansa da 'ya'yansa. 'Yan gwanjo sun fi kowa sanin wannan: kaya mai araha shi ke haifar da mai saye, wanda ya saba da na hannu kuma wata rana zai nemi sabo.

Na biyu, dokar da aka yi a 1944 mai suna GI Bill ta ba tsoffin sojoji damar yin karatu da kuɗin gwamnati da samun rancen gina gida ko fara sana'a. Na uku, tattalin arzikin Amurka ya bunƙasa bayan yaƙin, mutane suka sayi motoci, suka samu hutun ƙarshen mako da rarar kuɗin kashewa. Ga masu saye, ga kaya, abin da ya rage shi ne wurin da za a je da wanda zai koyar. Nan tsoffin sojojin tsauni suka shigo. Masu bin tarihin wasan sun lissafa wuraren zamiya kimanin 60 a Amurka waɗanda mutanen wannan runduna suka kafa, ko suka shugabanta, ko suka riƙe makarantunsu. Wasu sun buɗe shagunan kaya, wasu sun kafa mujallu, wasu sun zama masu horar da 'yan wasa.

Da yawa da ƙaramin ƙarfi suka fara. Larry Jump da abokansa sun buɗe Arapahoe Basin a Kolorado a 1946 da igiya guda mai inji da ke jan mutane zuwa sama, da wata tsohuwar motar soja da ke kai su gindin igiyar. Har yau wurin na aiki.

Aspen, garin da ya mutu ya tashi

Garin Aspen ya yi tashe ne da haƙar azurfa. A farkon shekarun 1890 mutanensa sun kai wajen 12,000. A 1893 gwamnatin Amurka ta daina sayen azurfa kamar da, farashi ya faɗi, ramuka suka rufe, jama'a suka watse. Zuwa 1930 mutum kimanin 700 suka rage cikin kangaye. Duk wanda ya ga yadda kasuwannin bakin iyaka suka yi tsit lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019, ko bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya san yadda hukunci ɗaya daga babban birni ke iya kashe gari.

Lokacin da suke Camp Hale, sojojin kan je Aspen hutun ƙarshen mako, har a watan Fabrairu na 1944 wasu daga cikinsu suka ratsa tsaunuka a kan katako, tafiyar kilomita 60 da ɗoriya, suka sauka a garin. Cikin waɗanda wurin ya shiga ransu akwai Friedl Pfeifer, gwanin zamiya ɗan Ostiriya da ya bar ƙasarsa a 1938 bayan Hitler ya haɗiye ta. A Italiya an raunata shi har ya rasa wani sashe na huhunsa. Da ya fito asibiti sai ya koma Aspen, ya haɗa kai da wani attajirin Chicago mai suna Walter Paepcke, shi da sani, wancan da kuɗi. A 1946 suka kafa kamfani, suka kafa wata doguwar waya mai ɗauke da kujeru da ke kai mutane kan tsauni, wadda a lokacin babu mai tsawonta a duniya. A 1950 Aspen ta karɓi baƙuncin gasar zamiya ta duniya. Yau gidajen garin na cikin mafi tsada a duk faɗin Amurka.

Vail, garin da gurgu ya gina

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Pete Seibert. Yana da shekara 18 ya shiga rundunar. A farkon Maris na 1945 tartsatsin harsashin igwa ya same shi a fuska da hannu da ƙafa, ya farfasa masa ƙoƙon gwiwa. Ya yi wata 17 a asibiti, likitoci na shakkar ko zai sake hawa katako. Ya koma Aspen, ya riƙa ɗaure gwiwar yana gwadawa, har a 1950 ya samu shiga tawagar 'yan wasan ƙasa. Daga nan ya tafi birnin Lausanne na Suwizalan ya koyi aikin tafiyar da otal, domin ya gane cewa mai zuwa wasa yana bukatar wurin kwana da abinci, kuma a nan rabin cinikin yake.

A watan Maris na 1957 wani ɗan yankin mai suna Earl Eaton, wanda ya yi aikin ginin Camp Hale, ya ja shi zuwa wani tsauni marar suna a gefen hanyar mota. Sun yi awa bakwai suna hawa. Da suka kai sama suka leƙa bayansa, sai ga wasu faffaɗan kwaruruka babu itatuwa, shimfiɗe da dusar da ba wanda ya taɓa takawa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Seibert da abokansa suka sayi gonar da ke gindin tsaunin, eka 500 a kan dala 55,000, amma da sunan wai ƙungiyar mafarauta da masunta ce, don kada maƙwabta su farga su tsawwala farashi. Sannan ya bi masu hali ɗaya bayan ɗaya yana sayar musu da hannun jari a kan dala 10,000, tare da alkawarin fili da izinin shiga na har abada.

An buɗe wurin a ranar 15 ga Disamba, 1962, tikitin yini dala 5. Shekarar farko dusa ta yi jinkirin sauka, akwai ranar da tikiti 12 kacal aka sayar. Amma suka daure. Sunan garin ma, Vail, an samo shi ne daga Charles Vail, injiniyan da ya fitar da hanyar motar da ta ratsa wurin, kuma hanya ce ta ƙarasa masa arziki: da aka shimfiɗa babban titi daga birnin Denver, aka fasa dutse aka yi masa rami a 1973, sai masu zuwa suka ninka. Kasuwa dai 'yar hanya ce, a can da nan. Seibert ya sa wa gangare mafi tsawo a wurin suna Riva Ridge, don tunawa da daren da abokansa suka hau bango.

Sai dai ƙarshen labarin akwai darasi mai ɗaci. A 1976 wasu akwatunan ɗaukar mutane suka faɗo daga kan waya, mutum huɗu suka mutu. Tsoron shari'a ya sa masu hannun jari suka sayar da kamfanin ga wani attajirin mai na Texas, Harry Bass, Seibert kuma ya bar wurin da ya gina da hannunsa. Wanda ya tara jari daga aljihun wasu, ranar da hankalinsu ya tashi ba shi ke da ta cewa ba. Daga baya ya dawo yankin, ya rasu a 2002 yana da shekara 77. Kamfanin da ya samo asali daga wannan gona yanzu yana da wuraren zamiya fiye da 40 a Amurka da Kanada da Ostareliya da Suwizalan.

Har da takalmin da ke rumfarka

Ba duka ne suka tsaya kan ƙanƙara ba. Bill Bowerman, wanda ya kula da alfadarai da jigilar kaya a Italiya, ya zama mai horar da 'yan gudu a jami'ar Oregon. A 1964 shi da tsohon ɗalibinsa Phil Knight suka zuba dala 500 kowanne suka fara shigo da takalman gudu daga Japan suna sayarwa. Wannan ƙaramin kamfani ne ya koma Nike a 1971. Ke nan duk mai baje takalma a Illela ko Ɗan Isa da ke da mai wannan alama a rumfarsa, na asali ne ko na kwaikwayo, yana da ɗan alaƙa da wannan runduna. Bob Dole kuwa, wanda ba danginsu ɗaya da Charles Dole ba, an harbe shi a ranar 14 ga Afrilu, 1945, hannunsa na dama ya shanye. Ya zama sanata, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1996, ya rasu a 2021.

Wani kuma, Jim Winthers, a 1967 ya fara koya wa samarin da suka rasa ƙafa a yaƙin Biyetnam yadda za su yi zamiya da ƙafa ɗaya. Ƙungiyar da ta fito daga wannan aiki ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin wasannin naƙasassu a Amurka. Fritz Benedict, mai zanen gine-gine a Aspen, shi ya jagoranci gina jerin bukkoki a cikin tsaunuka tun farkon shekarun 1980, inda matafiya a kan katako ke yada zango. Yanzu sun haura 30, wasu na ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a Italiya.

Tsufa bai raba su da ita ba

A 1959 suka kafa dutsen tunawa a mashigin Tennessee, kusa da tsohon sansaninsu, aka zana sunayen mamatansu, suna taruwa a wurin duk shekara. Sun riƙa komawa ƙauyukan Italiya da suka yi yaƙi a ciki. A 1985 suka haɗu da tsoffin sojojin tsauni na Turai, har da na Jamus da suka yi harbi da juna, suka kafa ƙungiya guda. A 1995, shekara 50 cif bayan wancan dare, wasu daga cikinsu, suna da shekara 70 da wani abu, suka sake hawa Riva Ridge. A 2022 Shugaba Joe Biden ya ayyana Camp Hale a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Ita kuwa rundunar an sake kafa ta a 1985 a jihar New York, ta kuma yi aiki a Somaliya da Afganistan da Iraƙi.

Kasuwar da suka bari ta girma fiye da tunaninsu. A 'yan shekarun nan akan ƙirga ziyara miliyan 60 ko fiye zuwa wuraren zamiya na Amurka a sanyi guda. Amma tana da nata ciwon. Tikitin da aka fara da dala 5 a Vail ya haura dala 300 a ranakun cinkoso na sanyin 2024 zuwa 2025, wasan da gwanjo ya sauko da shi ga talaka yana neman komawa hannun masu kuɗi. Ma'aikatan otal da masu share hanya ba sa iya biyan haya a garuruwan da suke wa aiki. Ga kuma ɗumamar yanayi da ke rage kwanakin sanyi, har wurare da yawa sun dogara da injinan da ke feso dusar ƙanƙara ta hannu. Yadda manominmu ke duban gabas yana jiran hadari, haka su ma suke duban sama.

Abin lura gare mu

Ba za mu rufe ba sai mun tuna cewa wannan yaƙi namu ma ya ci. A shekarun da waɗannan ke hawan duwatsun Italiya, dubban kakanninmu na cikin dazuzzukan Bama a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu kuma a ƙarƙashin tutar Faransa. Su ma sun dawo da sana'o'i, musamman tuƙi da kanikanci, amma ba su tarar da irin tanadin da aka yi wa na Amurka ba. A Thiaroye ta Senegal, ranar 1 ga Disamba, 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tsoffin dakarun Afirka da ke neman haƙƙinsu. A Ankara ta Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, 'yan sanda suka harbe uku daga cikin tsoffin sojojin da suka fito kai kukansu ga gwamna. A Amurkar kanta, sojan lokacin a rarrabe yake bisa launin fata, Runduna ta 10 ta farare ce, kuma baƙaƙen da suka yi yaƙi a Italiyar da yawa ba su ci moriyar waccan doka yadda ya kamata ba.

Don haka ba jarumtaka kaɗai ta gina Aspen da Vail ba. An samu mutanen da suka riƙe sana'arsu da kyau, suka yarda da juna saboda wuyar da suka sha tare, sannan aka samu hukumar da ta ba su rance ta kuma shimfiɗa musu hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yau ƙasashenmu na da dubban sojojin da ke dawowa daga fagen fama a yankin tabkin Chadi da Sahel, wasu da raunuka, kuma da yawansu kasuwa za su nufa, wataƙila rumfar da ke kusa da taka. Abin da za su zama nan da shekara 20 ya danganta da abin da suka tarar a hannun gwamnati da kuma hannunmu mu 'yan kasuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nemanmu.